Masu Hoton Titi na Hartum da Bangon da Suke Rataye Ƙasarsu

Wanda yake son ya san ko mai ɗaukar hoto ya iya aikinsa a babban birnin Sudan, to ya kai shi filin kokawa na Haj Yusuf ranar Juma'a da la'asar. Unguwar tana gabas da Bahri, a yankin Sharƙ an-Nil, nesa da fadar gwamnati da manyan otal-otal na bakin kogi. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kusan kowace Juma'a filin nan cika yake yi ya batse. Kokawar ta mutanen duwatsun Nuba ce, sun taho da ita daga Kudancin Kurdufan sa'ad da yaƙi da fatara suka koro su birni. Amma 'yan kallo kowa da kowa ne: direbobin raksha, leburorin gini, 'yan makaranta, dattawa masu sanduna, da jefi-jefin Turawan ofisoshin jakadanci da ake kawowa kallo.

Duk abin da ke wahalar da kyamara ya taru a wurin. Rana ta karkata yamma, tana dukan rabin fili, ɗaya rabin na cikin inuwa. 'Yan kokawa na ɗibar ƙasa suna murzawa a tafin hannu da damatsa, ƙafafunsu na tayar da ƙura. Su baƙaƙe ne wuluk, a bayansu kuwa sahu-sahu ne na fararen jallabiyoyi da rawuna suna ɗaukar ido. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara, in ta ga farin nan mai yawa, sai ta ɗauka haske ya wuce kima, ta rage shi, fuskar ɗan kokawa ta koma dunƙulen duhu, ba ido ba hanci. In kuma ka buɗe mata don fuska ta fito, jallabiyoyin su ƙone, su zama fari fat, babu ninki babu ɗinki. Gwani a kan fatar mutum yake auna haskensa, sannan ya rage kaɗan don tufa ta tsira. Tun kafin a busa usur ya riga ya zagaya filin ya zaɓi gefen da rana za ta zo masa ta kafaɗa, ko kuma, in yana son ƙurar ta yi aiki, ya fuskanci ranar kai tsaye, ƙura ta zama jan hayaƙi, mutanen biyu su fito a cikinta da zanen haske a gefen jikinsu. Shekaru da dama kamfanonin fim na Amurka da Turai da farar fata suke daidaita launin fim ɗinsu. Masu hoto na Afirka da kansu suka koya wa kansu dabarar fito da baƙar fuska da kyanta, kuma har yau a nan ake gane wanda ya ƙware.

Sai maganar lokaci. Kaye ba ya kai sakan guda. Dole ƙyaftawar kyamara ta yi sauri, kashi 1 cikin 500 ko cikin 1000 na sakan, in ba haka ba hannu da ƙafa su narke su zama hazo. Amma saurin na'ura ba ya ceton wanda bai san kokawa ba. Wanda ya jira sai ya ga mutum ya tashi sama kafin ya danna, bayansa a ƙasa zai ɗauka. Gwani ƙugu yake kallo da diddige. Yana ganin lokacin da nauyin mutum ya koma ƙafa ɗaya, yana ganin hannun da ya saci hanya ya kai bayan gwiwa, ya danna tun kayen bai auku ba.

Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne wanda ke juya wa fili baya a daidai lokacin da kowa ya zuba masa ido. Ya riga ya sami kaye goma, na goma sha ɗaya ba zai ƙara masa komai ba. Sai ya juya ga 'yan kallo: tsoho ya miƙe tsaye ya ɗaga sanda, rawani ya warware ya zubo masa a kafaɗa, yaro a kan katanga baki buɗe, wani ya kutsa fili yana liƙa wa zakaran takardar kuɗi a goshi mai gumi. A cikin firam ɗaya ga ɗan Nuba, ga ɗan Darfur, ga mutumin arewa mai tsage a kumatu, ga Bahaushe, duk ihu ɗaya suke yi. Irin wannan hoton ne ke kaiwa bangon baje koli, domin a cikinsa akwai amsar tambayar da ta fi kowace cin rayuka a ƙasar: wane ne ɗan Sudan?

An daɗe ana ɗaukar 'yan kokawar Nuba hoto, sai dai da idon baƙo. A 1949 George Rodger, ɗan Ingila, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin hotuna na Magnum, ya je duwatsun ya ɗauki zakaran kokawa ana ɗauke da shi a kafaɗa, hoton ya zaga duniya. Shi ne ya ja hankalin Leni Riefenstahl, Bajamushiyar da ta yi wa Hitler fina-finai, ta yi ta zuwa a shekarun 1960, ta fitar da littafinta na hotunan Nuba a 1973. Hotunan suna da kyau, wannan babu musu. Amma jiki aka ɗauka, tsoka da toka da tsiraici, mutanen da aka nuna kamar ba su da ƙasa, ba su da gwamnati, ba su da jiya balle gobe. Ɗan kokawar Haj Yusuf da gajeren wando yake shiga fili da rigar ƙwallo, ranar Asabar kuma yana wurin aikinsa a kasuwa. Mai hoton da ya taso a birnin ya san haka, shi ya sa ba ya yanke rigar ƙwallon daga hotonsa, ba ya yanke turken lantarki da tankin ruwa da ke leƙowa ta bayan katanga.

Mu Hausawa muna da ruwa da tsaki a wannan magana. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Kafin su da bayansu akwai mahajjata masu tafiyar ƙafa da suka yada zango ba su tashi ba, akwai waɗanda suka yi aikin auduga a gonakin Jazira tun da aka buɗe su a 1925. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa ke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, ma'aunin da ya bar iyalai da yawa na mutanenmu a waje, ana kiransu Fallata ko Takari, ana yi musu kallon baƙi a garin da aka binne kakanninsu. A Yulin 2022, bayan kashe-kashen jihar Shuɗin Nilu, Hausawa sun fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da wasu garuruwa. Haj Yusuf kuwa matattara ce ta irin waɗannan mutane da tsakiyar gari ba ta cika ganinsu ba: 'yan Nuba, 'yan Darfur, Hausawa, da 'yan Kudu da yawansu suka kwashe kaya suka tafi bayan ɓallewar 9 ga Yulin 2011. Ga mutumin da ake tambayarsa takardar kakansa, ganin fuska irin tasa a bango, an wanke ta da girma, an rubuta sunan unguwarsa a ƙasa, ba ƙaramin abu ba ne.

Filin kokawa ma da sauƙi, don kowa ya san ana ɗaukar hoto. Titi ne mai wuya. A zamanin Umar al-Bashir baƙo sai da takardar izini yake ɗaukar hoto, takardar kuma ta hana gadoji da barikoki da tashoshi, ta hana unguwannin talakawa da mabarata da duk abin da hukuma ke ganin zai zubar da mutuncin ƙasa. Ɗan gida da ke yawo da babbar kyamara shi ma bai tsira ba: jami'an tsaro na zarginsa, talakawa kuma na zargin shi ne jami'in tsaron. Don haka darasin farko a wannan sana'a zama ne. Ka je Suƙ Sitta, babbar kasuwar Haj Yusuf, ka sami bambar, ɗan kujerar nan ta igiya, ka zauna wurin mai shayi, ka sha gahawar jabana da citta, kyamara na cikin jaka. Gobe ka dawo. Jibi ka ɗora ta a cinya ba ka taɓa ta ba. Sai ranar da aka daina sassauta murya in ka iso, ranar ce aiki ya fara.

A ɗauki mai agashe da magariba. Sudan kaf ta san agashe abincin Hausawa ne. Ya yanka naman fale-fale, ya tsire shi, ya turbuɗa a garin ƙuli da yaji, ya kafa tsinkayen kewaye da garwashi, ga albasa da lemun tsami a gefe, ga ƙwan lantarki guda ɗaya na lilo a sama. Saurayi mai kyamara in ɗan gida ne ba zai tsaya daga nesa ya harbo shi da dogon gilashi ba. Zai matso ya ce, "Baba, sannu da aiki. A sa mini tsinke uku." Tsohon ya dubi abin da ke wuyansa ya ce, "Yaro, wannan fa? Wa ya aiko ka?" Ya ce, "Ba kowa, Baba. Hoton unguwa nake tarawa. In ka yarda zan ɗauke ka, in wanko in kawo maka naka." Wataƙila a ce a'a, kuma a'a ɗin ita ce ƙarshen magana. In an yarda, tsohon zai gyara hula, ya miƙe ƙyam, ya ɗaure fuska. Gwani zai ɗauki wannan, don hakkin mai shi ne a ɗauke shi yadda yake son a gan shi. Sannan ya ci namansa a hankali, ya jira mai saye ya zo, hankalin tsohon ya koma kan wuta. Hasken garwashi ja ne daga ƙasa, na ƙwai fari daga sama, sararin magariba shuɗi a baya, hayaƙi na ratsa su duka. Minti kaɗan ne wannan haɗin ke yi kafin duhu ya cinye shuɗin. Ba a kunna filashi, yana kashe komai. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, numfashi a riƙe, a danna.

Shi ya sa yawancin masu hoton titi suka fi son gajeren gilashi mai faɗin gani, na milimita 28 ko 35. Yana tilasta maka ka matso har inda za a iya yi maka magana, kuma yana kwaso abin da ke gaba da na tsakiya da na baya: hannun mai miƙa kuɗi a kusa, mai agashe a tsakiya, can baya kwandastan bas ya rataye a ƙofa yana kiran fasinjan Bahri. Akwai masu fara zaɓen bango kafin mutum. Su ga katanga mai kyan launi da randunan ruwan sadaka a jere a gindinta, su daidaita komai, su tsaya shiru har Allah ya kawo mace mai lulluɓin tobe ruwan goro ta gifta daidai inda ake buƙatarta.

Mata masu shayi su ne fuskar titin Hartum, babu baje kolin da za a yi ba a gan su ba. Amma a nan ne sana'ar ke neman tsoron Allah. Shekara da shekaru 'yan sanda na kai musu samame, abin da ake kira kasha, a kwashe butoci da kujeru, a ci su tara, ƙarƙashin dokar tsarin jama'a da ba a soke ba sai a Nuwamban 2019. Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kansu a ƙungiyoyin taimakon juna, har kurkuku ta shiga kafin duniya ta karrama ta a 2016. Hoton da ya nuna fuskar mace da kwanar da take zama yana iya jawo mata asarar jarinta. Masu hoton kirki sun koyi ɗaukar hannu da kofi, da tururi, da kwalaben na'ana'a da kirfa da karkade a jere, su bar fuska sai in mai ita ta ce a sa.

Wannan ido yana da iyaye. Rashid Mahdi, wanda aka haifa a 1923 ya rasu a 2008, a Atbara ya buɗe shagon hotonsa, garin jirgin ƙasa da ƙungiyoyin ƙwadago. Ma'aikatan reluwe, 'yan kasuwa, amare, 'yan siyasa, duk sun zauna gaban kyamararsa, ya haska su da natsuwar da ta sa lebura ke fitowa da kwarjinin minista. Jadalla Jubara, wanda shi ma ya rasu a 2008, ya ɗauki Hartum ta farkon 'yancin kai a fim da hoto, da motocinta da gidajen rawarta, birnin da matasan yau ke kallo su ce anya nan ne. A shekarar rasuwarsa hukuma ta rushe ɗakin aikinsa, Studio Gad. Gwamnatocin wancan lokaci ma suna da nasu masu hoton a ma'aikatar yaɗa labarai, ana tura su larduna su ɗauko madatsun ruwa da masana'antu da raye-rayen ƙabilu. Ƙasar da ke cikin waɗannan hotuna ta hukuma ce, mai tsabta, kowa a wurinsa, tun daga hoton Isma'il al-Azhari da Muhammad Ahmad Mahjub suna ɗaga tuta ranar 1 ga Janairun 1956. Wani Bafaranshe, Claude Iverné, ya bi tsofaffin masu hoton nan gida-gida, ya kafa taskar Elnour a 2003, aka nuna aikinsu a babban taron masu hoto na Afirka a Bamako a 2005. Da yawa a wajen Sudan a nan suka fara sanin ƙasar na da irin wannan gado.

Sabon ƙarni da kansa ya tashi. Ala Kheir, haifaffen Nyala a 1985, injiniya ne da hoto ya janye shi. A 2009 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Sudan, suna koya wa juna abin da babu makarantar da ke koyarwa. Da haɗin gwiwar cibiyar Goethe ta Jamus suka shirya tarurrukan horo da baje koli da sunan Mugran, wurin da Farin Nilu da Shuɗi ke haɗuwa, har aka yi makon hoto a 2016. Jerin hotunansa mai suna Revisiting Khartoum, baƙi da fari ne na tsakiyar birni: barandun shaguna da suka tsufa, gidajen silima da aka rufe, mutane ƙalilan na wucewa ta ƙarƙashin ginshiƙai. An nuna shi a Paris a 2017 cikin baje kolin manyan biranen Afirka da Simon Njami ya tsara. Abin da waɗannan tarurruka suka cusa wa matasa shi ne hoto guda mai kyau ba ya isa. Faɗuwar rana a tsibirin Tuti kowa na iya ɗauka. Ana son mutum ya riƙe magana ɗaya, unguwa ɗaya, ya yi wata da watanni a kanta.

Daga nan ne rabi na biyu na gwanintar ke farawa, rabin da 'yan kallo ba sa gani. Mutum ya dawo da hotuna ɗaruruwa, bango kuwa goma sha biyu zai ɗauka ko ashirin. Akan wanke su ƙanana, a baza a ƙasa ko a kan tebur, a kira abokan sana'a. A nan ake rabuwa da hoton da aka fi so. Ka sha rana kafin ka same shi, ka kusa kwana a caji ofis saboda shi, amma in yana maimaita abin da na kusa da shi ya riga ya faɗa, fita zai yi. Wahalar da ka sha ba ta bayyana a takarda, mai kallo abin da ke gabansa kawai yake gani. Wanda ya iya zubar da nasa da hannunsa shi ne ya balaga a sana'ar.

Sauran aikin jere ne, irin na ɗakin amarya: kayan ɗaya ne, amma gwanar jere ta san kwanon da zai zauna kusa da wane, wanda zai hau sama, da inda za a bar fili don ido ya huta. Ka sa hoton zikirin Ƙadirawa na hubbaren Shehu Hamad an-Nil a Umdurman, da jibbunansu kore da ja da turaren wuta, kusa da hoton filin kokawar Haj Yusuf. Dukansu ranar Juma'a ne da yamma, dukansu da'ira ce ta mutane a kan ƙasa mai ƙura, ɗaya a yammacin kogi ɗaya a gabas. Ba ka rubuta komai ba, amma mai kallo ya ji abin da kake nufi. Ka sa shimfiɗar buɗa-baki ta Ramadan, inda maza ke fito da tire-tire bakin titi suna tare motoci dole sai matafiyi ya sauko ya sha hilu-mur, kusa da layin masu jiran burodi. Wannan ma magana ce, mai ɗaci. Ka raba su da bango guda, maganar ta mutu.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɗaga baje koli ko su kayar da shi. Tsakiyar hoto ta zo daidai idon mai tsaye. Hoton taro a wanke shi babba don a iya bin fuskoki ɗaya-ɗaya, hoton hannun tsohuwa a bar shi ƙarami don a matso kusa. Takarda mai sheƙi da gilashi a ɗaki mai tagogi madubi suke zama, mutum kansa zai gani. Abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta yakan fito da duhu a takarda, don haka sai an yi gwaji, an sake, musamman saboda fatar nan da aka sha wahalar fitarwa. Rubutun ƙasan hoto kuma gajere: wuri, shekara, sunan mutum in ya yarda. Ina ganin rashin adalci ne a rubuta "wata mata a Afirka" a ƙarƙashin fuskar da ke da suna da unguwa.

Duk wannan horo ya sami ranarsa. Boren da ya kama wuta a Atbara a Disamban 2018 ya iso ƙofar hedikwatar soja a Hartum ranar 6 ga Afrilun 2019, aka kafa zaman dirshan a wurin. Bayan kwana biyu Lana Haroun ta ɗaga wayarta ta ɗauki wata mai zanga-zanga, Alaa Salah, a kan rufin mota. A duba yadda hoton ya zauna: farin tobe shi kaɗai a tsakiyar sararin yamma, yatsa a sama, ɗan kunnen zinariya ya kama haske, a ƙasa tekun kawuna da wayoyi duk sun fuskance ta. Ranar 11 ga wata al-Bashir ya faɗi. Bayan kisan 3 ga Yuni, da aka tarwatsa zaman dirshan aka yanke intanet, Yasuyoshi Chiba na kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauki wani saurayi yana rera waƙar bore cikin duhun ɗaukewar wuta, abokansa na haska shi da fitilun waya, hoton da ya zama gwarzon shekara na World Press Photo a 2020. Shi baƙo ne, ɗan Japan, amma dokar titi ya bi: ya shiga cikin mutane, ya yi aiki da hasken da ya tarar. A 2021 taron hoto na Arles a Faransa ya ba wa masu hoto 8 'yan Sudan bango, a baje kolin da Juliette Agnel da Duha Mohammed suka tsara kan juyin. Eythar Gubara, ɗaya daga cikinsu, ta ci kyauta a wurin. Jirgin ƙasan da ya shigo Hartum a lokacin boren, maƙil da mutane har kan rufi, daga Atbara, garin Rashid Mahdi, ya taso.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yawancin waɗannan nune-nunen a cibiyoyin al'adu na Faransa da Jamus aka yi su, ko a ɗakunan zane na tsakiyar Hartum, ko ma a Turai. Daga Haj Yusuf zuwa can sai an hau mota an tsallake gada, sannan a wuce mai gadi a ƙofa. Mai agashe da mai shayi da ɗan kokawa, su da aka rataye a bango, su ne ba sa zuwa. Ba laifin matasan ba ne, inda aka ba su ɗaki da kuɗin wanki nan suka je. Zaman dirshan na 2019 ya nuna akwai wata hanya, domin katangun wurin sun cika da zane da fuskokin waɗanda aka kashe, talakawa na tsayawa a gabansu suna nuna wa juna. Ina fata in ga ranar da za a ɗaure igiya a jikin katangar filin kokawa a rataye hotunan ranar Juma'a, in kuma ga ɗan Hausawan Haj Yusuf ko na Maiurno ya tara nasa ya kawo Gidan Makama a Kano, 'yan uwa su ga yadda zuriyar mahajjata ta zama.

Yaƙin 2023 ya watsa masu hoton, wasu Alƙahira, wasu Nairobi, wasu Kampala. An wawashe gidan tarihi na ƙasa. Gidaje da yawa da aka bari da kwamfutoci da akwatunan tsofaffin hotuna, an dawo ba a same su ba. Abin da aka riga aka kwafa ne ya fi samun tsira, kamar fina-finan Jadalla Jubara da cibiyar Arsenal ta Berlin ta kwafa, da abin da shirin Sudan Memory ya tattara kafin wuta ta tashi. Salih Basheer, haifaffen Umdurman a 1995, yana aiki daga ƙetare a kan gudun hijira da maraici, kuma a 2024 Magnum ta buɗe masa ƙofar shiga cikinta, kamfanin da George Rodger ya kafa da abokansa.

Waɗanda suka zauna sun koma waya, domin babbar kyamara a titin da ke da shingen 'yan bindiga tana iya jawo wa mutum ajalinsa. Mosab Abushama ya ci gaba da ɗaukar unguwarsu a Umdurman ana ruwan harsasai. A Janairun 2024 ya ɗauki wani ango ranar aurensa, cikin kwat, da bindiga a hannu, hoton da World Press Photo ta karrama a 2025. Ƙa'idodin ba su sauya ba: sanin mutanen, jiran haske, neman yarda. Sai dai an ƙara sababbi. A shingen bincike ana karɓar waya a duba abin da ke ciki, don haka ba a yawo da hotuna. Da aka yanke layukan sadarwa a Fabrairun 2024, mutane sun koma biyan kuɗin sa'a a wuraren da ke da Starlink. A nan mai hoto ke zama ya tura aikinsa ga wani amintacce a waje, da sunan wuri da kwanan wata a kan kowane, ya jira a ce masa ya iso, sannan ya goge na wayarsa kafin ya kama hanyar gida.